Shawara ga amaryar Aboabo mai haddar kalmomin Ruwan Bagaja

Wasiƙar wannan makon daga Aboabo ta zo, nan cikin Kumasi. Doguwa ce, don haka na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Hajiya. Shekarata 24, tela ce ni. A Aboabo aka haife ni, nan kuma aka haifi mahaifiyata. An sa ranar aurena bayan Babbar Salla da wani ɗan kasuwa Bakano da ke zuwa Kumasi sayen kaya, kuma Kano za a kai ni. Kwanaki ya haɗa ni da ƙannensa mata a waya don mu gaisa. Ina cikin magana na ce 'Mamana ya gaishe ku', sai na ji sun fashe da dariya, ɗaya ta ce wai mamar tawa namiji ce? Tun ranar ba na son ɗaga wayarsu. Na roƙe shi ya kawo mini littafin Hausa ta asali, ya kawo Ruwan Bagaja. Duk kalmar da ban sani ba sai in rubuta ta, in duba ma'anarta a waya, in sa Turancinta a gefe. Sun haura 300, ban ko kai rabin littafin ba. Bayan sallar asuba nake haddarsu, kafin la'asar sun gudu. 'Yan kaɗan da na riƙe, da na gwada su a shago sai abokan aikina suka ce na fara yanga, na zama Bakanuwa tun ban je ba. Hajiya, kaina ne ba ya ja, ko kuwa Hausarmu ta zango ce ba Hausa ba? In ci gaba ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Kanki lafiyarsa ƙalau, kuma ba za ki haƙura ba. Hanyar da kika ɗauko ce za ki sake. Na daɗe ina kallon hoton shafin da kika haɗo da wasiƙar: kin ja layi da rula a tsakiya, kin jera lambobi, Hausa a hagu, Turanci a dama, rubutu tsaf-tsaf. Aikin mai himma ne, ba shakka. Amma kowace kalma a shafin nan ita kaɗai take zaune. Ba a ga wanda ya faɗe ta ba, ba a ga wanda aka faɗa wa ba, ba a san ko cikin fushi ta fito ko cikin raha ba. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abu a haka. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada a kan kansa, ya wallafa abin da ya gano a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, yana auna abin da ya rage masa bayan awa guda, bayan kwana guda, bayan wata guda. Sai ya tarar mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko take cin mutum, kuma abin da ke rage ta shi ne a riƙa komawa kan abin da tazara tsakani. Abin da ke samunki tsakanin asuba da la'asar ke nan, kuma da ni ce na yi yadda kike yi, shi zai same ni.

Ke da kika yi makaranta ma kin san wannan tun kina ƙarama. Malam ba ya yi miki ƙari sai kin biya na jiya, kuma ba wanda ya taɓa haddace sura ta hanyar tsinto kalmominta ɗai-ɗai ya jera a allo. Aya ake ɗauka sukutum da sautinta, a maimaita da murya, gobe a sake, jibi a sake.

Littafin da ya kawo miki zaɓi ne mai kyau, sai dai ki san abin da ke hannunki. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin wani Bature, Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Abubakar Imam, haifaffen Kagara, lokacin yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa wajen 22, ya shiga da Ruwan Bagaja. Daga gasar nan ne Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa suka fito. Saurayi ne ƙasa da shekarunki ya rubuta shi, kuma don a ji daɗi ya rubuta: Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta haɗuwa da Malam Zurƙe gari bayan gari, wannan ya yi wa wancan wayo, wancan ya rama. Littafi ne da ke sa mutum ya ƙosa ya juya shafi. Ke kuwa kina cin birki sau goma a shafi ɗaya don ki kwafi kalma, to ina za ki ji daɗinsa? Ba mamaki kin gaji tun ba ki kai rabi ba.

Saboda haka abu na farko, ki rufe littafin rubutun nan, ki ajiye biro, ki koma shafin farko ki karanta labarin har ƙarshe ba tsayawa. Ɗan siriri ne, 'yan dare kaɗan bayan isha'i sun ishe ki. Kalmar da ba ki gane ba ki tsallake ta. Masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation, sun nuna a kan masu koyon Turanci cewa wanda ya san kalma 98 cikin kowace 100 yana fahimtar labari ba tare da taimakon kowa ba. Wato kalma ɗaya baƙuwa cikin 50 ba ta hana tafiya. Ke kuma ba baƙuwa ba ce a harshen nan, da shi aka yi miki rarrashi a goye. Zato na mai ƙarfi shi ne da yawa cikin 300 ɗin nan kunnenki ya san su, idonki ne bai san su ba. A makarantun boko na nan Turanci da Tonanci, wato Twi, aka koya muku karantawa, ba wanda ya zaunar da ku ya nuna muku yadda ake rubuta ƙ da ɗ da ɓ da 'y, ko inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. Sai ki ga kalmar da kike faɗi kullum a shago ta zo miki a takarda cikin kamar da ba ki saba ba, ki ɗauka baƙuwa ce. Maganin wannan, ki karanta da murya. Ba a zuci ba, da murya sosai yadda na kusa da ke zai ji.

In da hali ma, kada ki karanta ke kaɗai. Kin ce a Aboabo aka haifi mahaifiyarki, to akwai tsofaffi a gidanku ko a maƙwabta. Ki ɗauki kujera ki zauna gaban kakarki ko wata tsohuwar da ke jin Hausa sosai, ki ce za ki karanta mata labari. Za ki ga abin mamaki. Inda kika murɗe kalma za ta tsayar da ke ta ce "a'a, sake", ta faɗe ta daidai. Wata kalmar za ta ce rabonta da ji tun mahaifinta na da rai, ta ɗora miki da labarin da ba ya cikin littafin. Wannan gyaran ba za ki same shi a takarda ba, domin rubutun Hausa na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna dogon wasali da gajere. Bara mai yi wa sarki hidima, da bara shekarar da ta wuce, da bara ta almajiri, duk rubutunsu ɗaya, baki ne ke raba su. Wadda ta haddace daga takarda ba ta taɓa ji ba, tana iya faɗin kalmar daidai harafi da harafi, Bakano ya ji wani abu dabam.

Sai a karatu na biyu za ki ɗauki fensir. A zama ɗaya kada ki wuce kalma biyar, uku ma sun isa. Wadda za ki ɗauka ita ce wadda ta sake dawowa bayan kin gan ta a baya, ko wadda rashin saninta ya toshe miki labarin gaba ɗaya. Ki yanka 'yan katuna daga kwalin da ake zubarwa a shago, kowane kamar faɗin tafin hannu. A fuska ɗaya ki kwafe jimlar gaba ɗayanta yadda take a littafin, ki ja layi ƙarƙashin kalmar. A baya ki rubuta ma'anarta da Hausarki ta gida, ba da Turanci ba, sannan ki ƙirƙiri jimlarki da ta shafi rayuwarki. Misali in kalmar "tukuna" ce: "Mama ba ta dawo daga Kejetia ba tukuna." Ki zuba katunan a dirowar keken ɗinkinki. Na yau ki duba su gobe, sai bayan kwana 3, sai bayan mako, sai bayan wata. Kuma kafin ki juya katin, ki tilasta wa kanki tuno ma'anar, ko da za ki yi shiru na ɗan lokaci kina lalube. Wannan laluben shi ke kafa kalmar; duba amsa nan take ba ya kafa komai, daɗi kawai yake sa mutum ya ji kamar ya sani. Wadda ta kuɓuce miki ki mai da ita sahun na gobe. Ko uku-uku kika riƙa ɗauka a rana, a wata guda kin tara 90, kuma waɗannan naki ne.

Maganar ma'ana kuma, ki rage dogaro da fassarar waya. A kan tsofaffin kalmomi takan yi shaci-faɗi, ta ba ki amsa da ƙarfin hali alhali ba haka ba ne. Ƙamusun da ya dace da wannan littafi shi ne na G. P. Bargery, wanda ya fito a 1934, zamaninsu ɗaya, kuma an sa shi a intanet ana bincikawa kyauta. Daga Hausa zuwa Turanci ne, yana nuna karin sauti, sau da yawa ma yakan gaya miki ko kalmar ta Katsina ce ko ta Sakkwato. Akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Shi na fi so miki, don yana hana ki zagayawa ta Turanci kafin ki iso gida. Abu ɗaya da ke sa sababbin shiga su ce "babu kalmar a ƙamus": jam'i suke nema, alhali a ƙarƙashin tilo aka ajiye ta. Kuyangi sai ki nemi kuyanga, barori ki nemi bara, fatake ki nemi farke ko falke.

Ba kowace kalma ce za ki sa a baki ba, ki lura da wannan sosai. Littattafan wancan zamani cike suke da maganar fada da yaƙi da tsohon kuɗi: dogarai, lifidi, sulke, zagi, wuri, zambar, anini, sisi, sule. Gana ta bar fam da sule ta koma sidi a 1965, Nijeriya ta koma naira a 1973, ba wanda zai yi miki ciniki da sule a kasuwar Kurmi ko Kwari. Irin waɗannan ki san su don karatu, in kin gan su ki gane, shi ke nan, ba sai kin yi musu kati ba. Akwai kuma kalaman ba'a da gatse da mutane biyu masu damfarar juna ke jifan juna da su. A takarda suna da daɗi, a gaban suruka kuwa kada ki kuskura, sai kin ji yadda 'yan gidan ke amfani da su da wanda suke faɗa wa.

Amma akwai wasu tsofaffin kalmomin da nake so ki riƙe da hannu biyu, don tarihinki ne: ayari, madugu, fatake, zango. Tambayarki ta biyu ke nan, wadda ta fi taɓa ni. Kin ce ko Hausarmu ba Hausa ba ce. 'Yata, sunan zango ma da ake kiran irin unguwar da kika tashi daga hanyar fatauci ya zo. Ayarin Hausawa sun ɗauki ƙarnoni suna tasowa daga Kano da Katsina da jakunansu zuwa Gwanja, su sauka Salaga su sayi goron Asante su koma. Da Salaga ta watse bayan yaƙin basasar 1892, fatake da malamai suka bazu Kete-Krachi, Kintampo, Kumasi da Ankara, wato Accra. Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete-Krachi ya zauna can har rasuwarsa a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, har da waƙarsa a kan talauci da wadata, ya kuma rubuta dogayen bayanai da Hausa cikin ajami a kan ƙasar Hausa da al'adunta don wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamusun Hausa a 1906. Tun kafin a haifi wanda ya rubuta littafin da ke hannunki ana rubuta Hausa mai nauyi a ƙasar nan. Masana harshe suna lissafa Gananci a matsayin kari, kamar yadda suke lissafa Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci da Zazzaganci. In kin je Kano za ki ji Basakkwace na cewa "hita" inda Bakano ke cewa "fita", ana tsokanarsa yana ramawa, ba wanda ya ce shi ba Bahaushe ba ne. Daidaitacciyar Hausa ta littafi da rediyo a kan Kananci aka fi gina ta, shi ya sa dangin mijinki suka tashi da ita a arha, ke kuwa sai kin ɗan yi aiki. Iyakar bambancin ke nan.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci, kuma ba ya cikin jerin nan naki ko sau ɗaya. Abin da ya ba ƙannen mijinki dariya ba ƙarancin kalmomi ba ne. "Mamana ya gaishe ku" duk kalmominta Hausa ce tsantsa. Jinsi ne ya zame miki, "ya" ta shiga gurbin "ta". Da yawanmu a zango haka muke magana, kuma akwai dalili. Zango matattara ce: Mosawa, Dagombawa, Zabarmawa, Kotokoli, Yarbawa, Wangara, kowa ya zo da harshensa aka haɗu a Hausa, ga Tonanci a kewaye. Mafi yawan harsunan nan ba sa raba "shi" da "ita", sai Hausar tamu ta sauƙaƙa ta bi su. Haka abin yake a wasu sassan Nijeriya ma, wajen Jos da kudancin Kaduna. Ko kin haddace ƙamus dungurungum, in "ya" da "ta" ba su zauna ba, a jimlar farko za a gane. In kuwa suka zauna, ko da 'yan kalmomin da kike da su yau, za ki yi hira a tsakar gidan Kano ba wanda ya ɗago kai.

A nan ne tsohon littafi zai yi miki amfanin da ba abin da zai yi miki. Ki ɗauki shafi ɗaya kawai a rana, ki zagaye kowace "ta", kowace "ce", kowace "ita", da kowace "r" da ta maƙale a ƙarshen suna kamar a "rigar" ko "ƙofar". Sannan ki tambayi kanki: wace ce, ko mece ce, ake nufi? Bayan mako biyu idonki zai fara hango su tun kafin ki iso. Ƙa'idar ba ta da wuya. Mace da duk abin da yake mace, "ta". Sunan gari da ƙasa, "ta": Kumasi ta cika, Kano ce za a kai ki. Mafi yawan sunayen da suka ƙare da "a", "ta": riga ta yage, mota ta tsaya, miya ta yi daɗi. Sai 'yan tawaye da ake haddacewa: gida, ruwa, nama, suna, duk "ya" ne. Dubi bangon littafinki ma, "Ruwan" aka rubuta ba "Ruwar" ba. Saboda haka duk sunan da za ki yi wa kati, ki rubuta shi da jelarsa: kada ki sa "tukunya" kawai, ki sa "tukunyar nan ta fashe". Kuma a shago, yayin da ƙafarki ke kan keke, ki riƙa ba kanki labarin matan da ke shigowa a hankali: ta shigo, ta zauna, ta kawo atamfa, ta ce ɗinkin ya matse ta. Wannan atisayen na baki ne, sai baki ya yi shi sau ɗaruruwa kafin ya daina tuntuɓe.

Bayan jinsi, abin da zan so ki sato daga Imam shi ne 'yan ƙananan kalmomin da kika tsallake don kina ganin kin san su: dai, kam, kuwa, fa, ai, mana, ashe. Su ne gishirin magana, kuma ya iya sa su. Ki saurari bambancin: "Zan zo." "Zan dai zo." "Ni kam zan zo." "Ai zan zo." "Zan zo mana." Na farko labari ne, na biyu da ɗan nauyin jiki, na uku ko wasu ba su zo ba, na huɗu kwantar da hankali, na biyar har da alamar "me ya sa kike tambaya?" A gidan miji, inda rabin zance ba a fito da shi fili, waɗannan sun fi miki manyan kalmomi 100 amfani. Duk inda kika ci karo da su cikin hirar mutanen littafin, ki karanta layin sau uku da murya, da yanayin wanda ya faɗa.

Abin da littafin ba zai ba ki ba shi ne Hausar tsakar gida ta Kano ta yau: sunayen kayan miya da na kicin, maganar lefe da kamu da gara da buɗar kai, yadda ake yi wa mai jego barka, yadda ake gaisuwar mutuwa. Littafin ya haura shekara 90, kuma duniyarsa ta maza ce matafiya. Wannan sai ki nema a littattafan da matan Kano ke rubutawa tun shekarun 1980, da wasannin tashar Arewa24, da shirye-shiryen gidajen rediyon Kano irin su Freedom, waɗanda ake kamawa ta intanet. Labaran BBC Hausa, da ake yi tun 1957, su ma za su saba wa kunnenki da daidaitacciyar Hausa. Ki kunna a shago kina aiki.

Game da ƙannen mijinki, ki ɗaga wayarsu. A al'adar Hausa ƙannen miji abokan wasan matar yayansu ne. Ko 'yar cikin birni ya auro, sai sun samo abin tsokanarta, ko tafiyarta ko tuwonta. Ban ji dariyar da kunnena ba, ba zan rantse miki cewa babu raini a ciki ba, amma shirun da kika yi shi ne ya fi haɗari, don za a iya fassara shi da girman kai tun ba ki taka gidan ba. Ki zaɓi wadda kika ji ta fi sakin fuska a cikinsu, ki tura mata saƙon murya kina karanta sakin layi ɗaya, ki ce mata "Malama, a gyara mini." Matambayi ba ya ɓata, kuma wadda ta zama malamarki da wuya ta bari a yi miki dariya a gabanta. In kuwa aka ci gaba da abin har ya fita daga wasa ya zama wulaƙanci, wannan aikin mijinki ne, shi zai tsawatar, kuma tun yanzu ya kamata ya san abin ya yi miki ciwo. Na lura a wasiƙarki kin roƙe shi littafi amma ba ki ce kin gaya masa dalili ba. Ki gaya masa. Da wannan Hausar taki ya ji ki ya ce yana so, ya kuma turo manyansa. Ki roƙe shi ya riƙa gyara miki "ya" da "ta" in kuna ku biyu, ban da gaban mutane. Surukarki kuma, abin da za ta fara dubawa shi ne durƙusonki da gaisuwarki da yadda kike kauce wa kiran sunanta da na ɗanta, kuma waɗannan an koya miki su a Aboabo.

Abokan aikinki na shago ki yi musu Hausar da kuka saba. Ba yau kika fara juya harshe ba: kwastoma Batoniya ta shigo ki yi mata Tonanci, 'yar ofis ki yi mata Turanci, ki juyo ki ci gaba da Hausa. Kananci zai zama na huɗu, a yi shi inda ya dace. Kada ki yar da na gida don ki ɗauki na can, 'ya'yanki za su zo hutu Kumasi su buƙace shi wajen kakarsu.

In kin gama Ruwan Bagaja sau biyu, Shaihu Umar za ki ɗauka. Hausarsa a natse take, kuma wani babban sashe nasa yana bin mahaifiyar Umar ne a tafiyar da ta yi tana neman ɗanta har ƙetaren Sahara, don haka shafi bayan shafi "ta" za ki yi ta karantawa, daidai abin da bakinki ke buƙata. Bayansa sai Magana Jari Ce, shi ma na Imam, littafi uku ne, gajerun labarai da aku ke bayarwa, kowane ya isa zama ɗaya da kakarki. Kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC da ke Zariya ne ke buga su, ana samunsu a shagunan littattafai na Kano. In zai sake zuwa Kumasi ki rubuta masa saƙo: waɗannan biyun, da ƙamusun Bayero, da littafin zamani guda ɗaya wanda ƙanwar tasa za ta zaɓa miki da kanta. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.